Na Yi wa Babana Tafinta Sau Ɗaya

Har yau in na ji wani yana yabon ƙanen babana, yana cewa mutumin kirki ne mai riƙon zumunci, sai in ɗauki takalmina in bar wurin. Ya daɗe da rasuwa. Na yi masa salla, na sa kafaɗata a makararsa, amma ban yafe masa ba, kuma ba zan ɓata bakina in ce na yafe ba. Baffa muke ce masa. Shi ya kama hannun babana ya kai shi inda aka kashe masa ido. Sai dai in zan ba da labarin, dole in faɗi nawa laifin, don ni ma hannuna yana ciki dumu-dumu.

Babana maɗinki ne. Asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Tajaye, manoman gero ne mu tun kakanni, amma da aka buɗe kamfanin siminti a Malbaza sai ya ɗora keken ɗinkinsa a amalanke ya dawo da mu nan. Rumfarsa tana bakin hanyar da manyan motoci ke bi. Kakin ma'aikata yake ɗinkawa da wandunan direbobi, in damina ta faɗi ya rufe rumfa ya koma gona kamar kowa. Idonsa na hagu tun yana saurayi karan gero ya soke shi, ba ya gane komai da shi sai haske da duhu. Da na dama kaɗai ya ciyar da mu.

To, shi na daman ne yanar ido ta fara hawa. Da fari zare ne ya gagare shi zurawa, sai ya kira Inna. Daga baya wani direba ya dawo masa da wando, aljihu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya zage shi a gaban mutane. Ran nan Baba bai ci tuwo ba. Kafin kaka ta wuce, ɗan farin nan ya fito fili a tsakiyar idon, kowa ya dube shi sai ya gani. Ya lulluɓe keken da tsohon zane ya koma zaman zaure.

Ni a lokacin ina ajin ƙarshe na koleji a Konni, a gidan wani abokin Baba nake zaune. Faransanci muke karatu da shi, amma akwai darasin Ingilishi, kuma nan ne kaina ya kumbura. Mushen namu, wato malamin, mutumin bakin teku ne, siriri, ba ya dariya. Abin da ya fi ba shi haushi a duniya shi ne yadda muke amsa kowace tambaya da in Allah ya yarda. Ya ce shi ma ya san da Allah, amma tambayarsa ita ce, mu a namu hangen, abin ya fi kusa da faruwa ko ya fi kusa da rashin faruwa.

Sati uku ya ɓata mana a kan kalmomi biyar ko shida. Ya zana tsani a allo. A matakin ƙasa ya rubuta impossible, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Sama da shi unlikely, abin da da wuya ya faru. Sannan possible, yana iya faruwa, yana iya ƙi. Sannan likely, wanda ya fi kusa da faruwa. A can ƙoli ya rubuta certain, ya ce wannan matakin mai hankali ba ya yawan taka shi. Ruwan sama a tsakiyar damina likely ne, in ji shi. Ruwa a tsakiyar bazara possible ne. Luck kuwa can gefe ya ajiye ta, ya ce ita ba ta kan tsanin ma sam, suna ne da ake ba abu bayan ya riga ya faru, kamar motar siminti ta taso daga Malbaza ta iso Konni ba ta yi faci ba. Wanda ya haɗa sa'a da yiwuwa a jarrabawa, jan biro ne rabonsa. 'Yan ajinmu sun tsani darasin nan. Ni kuwa na haɗiye shi ɗungurungum, na zo na ɗaya.

Da na je gida hutu, ban bar kowa ya huta ba. Inna ta ce wataƙila baƙi su zo gobe, sai in tambaye ta wane irin wataƙila, mai ƙarfi ko marar ƙarfi. Har zanen tsanin na yi wa Baba a ƙasa da tsinke, na manta ba ya gani sosai. Shi dai murmushi ya yi. Baffa ne bai yi ba.

Baffa dillalin dabbobi ne, ba kasuwar da ba ya ci daga Illela har bakin iyaka. Bakinsa zaƙi gare shi, zai sayar maka da gurguwar akuya ka tafi kana yi masa godiya. Tun ranar da aka rubuta sunana a lakwal, wato makarantar boko, yake jin haushina, don a ganinsa an ɗauke wa gona hannu an kai wa Nasara. Bai taɓa kirana da sunana ba tun da na shiga koleji. Mushe yake ce mini, yana jan kalmar yana taɓe baki. Ni ma ban raga masa ba. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani likitan ido ya sauka a asibitin mishan da ke gabas da mu, zai yi 'yan makonni ya koma ƙasarsu. Muka tafi mu uku a bayan motar siminti, ni da Baba da Baffa. Baffa bai so tafiyar ba, amma ba zai yarda a ce an kai yayansa wani wuri ba ya nan ba.

Mun tarar da layi har ƙarƙashin itatuwa. Da muka matsa kusa da ƙofa ina jin abin da ake faɗa a ciki, don labule ne kawai tsakani. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai aka haɗa shi da wani tsoho ɗan ƙasa, mai farar hula, wanda ya daɗe yana tafinta a wurin. Likita zai yi magana doguwa, ya faɗi wannan ya faɗi wancan. Tsohon nan sai ya juya ya ce wa marar lafiya, an ce za a yi maka aiki, ka kwantar da hankalinka, sauƙi na Allah ne. Shi ke nan. Sannan in an fito sai ya biyo ɗan rakiya, ya ja shi gefe, su yi ƙus-ƙus. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan ɓarawon magana ne, ko dai Ingilishin ne bai iya ba, kuma jan mutane gefen nan da yake yi, na goro yake nema.

Ba wai ban san al'adarmu ba ne. A wurinmu ba a zazzage wa marar lafiya komai a fuskarsa. Shi ƙarfin zuciya ake ba shi, maganar mai nauyi kuma a kai wa wanda ke tsaye a kansa, a waje, shi ya san yadda zai yi da ita. Da kakata tana jinyar ajali, ba wanda ya taɓa cewa komai a ɗakinta sai da sauƙi. Na san wannan sarai. Amma shekara huɗu a koleji ta sa ina ganin abin jahilci ne, kuma ga ni da Ingilishi yana mini ƙaiƙayi a baki, ban taɓa samun Bature na gaske na gwada a kansa ba.

Da aka kira mu, tun kafin tsohon ya buɗe baki na gaida likita da harshensa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi fara'a, ya tambaye ni ina na koya. Ya ce tun da ɗan marar lafiya yana ji, ai sai in fassara wa babana da kaina. Tsohon ya ja baya ya jingina da bango.

Likita ya haska idanun da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi bayani. Kuma wallahi kamar daga allon mushenmu yake karantowa. Idon hagu, ya ce ko an yi aiki unlikely ne ya gani, tsohon raunin ya yi zurfi. Idon dama kuwa yanar ce kawai, in aka cire ta aka ba shi tabarau, likely ne ya koma kan kekensa. Amma ya ce ba zai ɓoye ba, kowane aiki yana da haɗari, possible ne jini ya ɓalle ko ciwo ya shiga, idon ya tafi gaba ɗaya. Ya ce abin ba ya yawan faruwa, amma ba zai yi alkawari ba. Ya sa mana rana bayan kwana goma, ya ce bayan aikin Baba zai kwanta 'yan kwanaki ba motsi da kai.

Na fassara duka. Ban rage ko ɗigo ba, har ƙari na yi, ina bambanta wa Baba tsakanin abin da ya fi kusa da abin da yake yiwuwa kawai, ina satar kallon tsohon tafinta don ya ga yadda ake aiki. Maganar jinin ma sau biyu na faɗe ta, don na ga kamar ban fito da ita sosai ba da farko. Baba yana zaune a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa. Da na gama ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ya ce za ni gani, ko bai ce ba?"

"Bai ce tabbas ba, Baba. Ya ce gani ya fi kusa. Amma yana yiwuwa idon ya mutu."

 Baba ya lalubi hularsa ya gyara, ya miƙe.

A waje tsohon ya biyo mu, ya nemi ya ja Baffa gefe kamar yadda ya saba. Baffa ya fizge hannunsa, ya ce ai ba sauran abin faɗa, sun ji da kunnensu. Sai tsohon ya juyo kaina. Ba da faɗa ya yi maganar ba.

"Ɗana, Ingilishinka ya fi nawa. Amma wanda ka gaya wa ɗin nan, shi za a kwantar a sa wa wuƙa."

Na ja tsaki a zuciyata na wuce. Na ɗauka hassada ce.

Tun a bayan mota Baffa ya fara. Da muka isa gida kuwa, duk wanda ya shigo zaure sai ya maimaita masa. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin mai magani ya ce wataƙila ba, sai wanda bai san aikinsa ba. Ya ce in maƙeri ya miƙo maka fartanya ya ce tana yiwuwa ta karye gobe, ai ajiye masa za ka yi ka nemi wani maƙerin. Bature da bakinsa ya ce zai iya kashe idon, kuma ba wani ya faɗa ba, Mushe ne ya fassara, ɗan cikin marar lafiya. Sannan ya kawo tasa hajar. Akwai wani mutum, in ji shi, da ke ƙetarowa daga kudu yana zuwa kasuwar Konni bayan kaka, yana buɗe ido da ɗan tsinken ƙarfe a zaune, ba yanka, ba kwanciya. Shi ba ya cewa wataƙila. Yana duba ido zai ce maka yau za ka gani, kuma ka gani.

Na yi ta haƙilo. Na ce wanda ya ce maka tabbas a kan ido, maƙaryaci ne. Na ce likitan da ya faɗi haɗarin aikinsa ai shi ne mai gaskiya. Na ce yana yiwuwa daban, ya fi kusa daban, kuma likita ya ajiye gani a sama, mutuwar ido a ƙasa. Baffa ya kwashe da dariya, ya ce wa mutanen zaure su ji, yaron ga zai hau da ubansa kan tsani. Aka yi ta dariya. Baba kuwa bai sa baki ba ko sau ɗaya. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa a kwanakin nan, in yana zaune shi kaɗai, sai ta ga ya ɗora tafin hannu a kan idon daman ya rufe shi, ya daɗe a haka, kamar yana gwada yadda zaman zai kasance.

Ran Lahadi zan koma makaranta na durƙusa gabansa na roƙe shi ya jira ranar da aka sa mana. Ya ce Allah ya kai mu. Na ɗauki wannan a matsayin alkawari na tafi.

Ranar kasuwar Konni, ina cikin aji, a garin da suka zo, ba wanda ya aiko mini. Sai da na koma masauki cin abincin rana matar maigidan ta ce ai ta ga babana da ƙanensa sun nufi bayan rumfunan masu tabarma, ta ɗauka tare muke. Na ajiye kwanon na fita da gudu.

Na tarar da mutane sun yi da'ira. Da na kutsa sai ga Baba zaune a kan tabarma, an jingina kansa da gwiwar wani ƙato, ruwa-ruwan jini yana gangaro masa a kumatu. An riga an gama. Mutumin, wani gajere mai ƙaton rawani, yana goge tsinkensa a gefen riga. Rigar ma ban san yaushe rabonta da ruwa ba. Baffa ya ɗaga yatsu a gaban Baba yana tambayarsa nawa ne, Baba ya ce uku. Ya tambaye shi wace irin hula ce a kan shi Baffan, Baba ya ce ja. Jama'a suka ɗauki kabbara. Sai Baba ya juyo da kai a hankali, yana ƙifta idon, ya tsaya a kaina.

"Ga ɗana can, mai farar riga."

Dariya yake yi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin damina. Baffa ya matso kusa da ni har ina jin warin goro a bakinsa, ya tambaye ni a hankali, wannan kuma a wane mataki yake a kan tsanin nawa.  Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna. Na ce ashe ni ne wawa, ni da mushena da likitan duka. Na riƙe wa Baba takalmansa aka ɗaure masa idon da ƙyalle, na raka su tasha.

Kwana uku bayan nan wani direban siminti ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce Inna ta ce in zo yanzu. Na tarar da Baba kwance a ɗaki yana juyi. Idon ya kumbura ya yi jawur, ba ya buɗuwa, ruwa yana tsiyaya. Kansa yana sara har amai yake yi. Mutumin da ban taɓa jin ya yi nishi ba, yana cizon gefen tabarma. Na tambayi ina mai rawanin. Ya ƙetare tun ranar, ba wanda ya san ko sunan ƙauyensu, har shi Baffan da ya rantse a kansa.

Na ce a nemo mota mu koma asibiti. Baffa ya tare ƙofa ya ce zafin warkewa ne, mutumin ya faɗa dama za a yi haka. Ya kawo rubutu aka wanke, ya kawo wani ganye aka dafa ana turara idon. Kwana biyu muka ƙara ɓatawa a kan wannan shirmen. Kuma a cikin kwana biyun nan ya samo sabuwar magana, wadda ta fi bin gari da sauri. Ya ce aikin mutumin ba shi da aibi, kowa ya shaida Baba ya gani. Bakina ne ya kama idon. Ni na tsaya a gaban idon na ambata masa mutuwa, har sau biyu, kuma abin da ɗa ya furta a kan ubansa ba ya faɗuwa ƙasa. Tsofaffin unguwa suka gyaɗa kai. Wata maƙwabciyarmu da ta goya ni ina jariri, na gaishe ta a bakin rijiya ta kau da kai.

A rana ta uku Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga wa ƙanen mijinta murya ba, ta yafa mayafi ta fita da kanta ta tsayar da mota.

Likitan yana nan, saura masa kwanaki ya tafi. Ya kwance ƙyallen ya haska idon. Wannan karon ban gaishe shi da harshensa ba, na raɓe a bakin ƙofa, tsohon tafinta ne ya tsaya. Amma ina da kunne. Na ji likita ya ce an tura yanar ta faɗa cikin ido, ciwo ya bi ta ya cinye komai, ba abin da ya rage da za a ceta. Ya ce da an kawo shi a ranar farko ma da wuya, balle yanzu. Tsohon ya ce wa Baba za a ba shi maganin da zai kwantar da zafin, ya yi haƙuri, Allah yana tare da shi. Sannan ya fito ya ja Inna gefe. Ni bai ko dube ni ba, ya san na riga na ji.

Likitan ya yi abin da zai iya. Kafin ya tafi ya gwada aiki a idon hagu, don ba sauran abin da za a yi asara. Bai ba da komai ba. Baba ya dawo gida yana bambanta rana da dare kawai, kamar yadda idon yake tun da.

Na koma makaranta na zauna jarrabawa, ko me na rubuta oho. Da na dawo Malbaza, wata Juma'a wajen tsakar rana, zaurenmu cike da masu zuwa jaje, har da dattawa daga ƙauyenmu. Baba yana zaune a kan buzunsa, sabuwar sanda a gefensa. Baffa ne ke ba da labari, kamar kullum. Na tsaya daga ƙofa ina ji. Ya ce mutumin nan ya buɗe idon mutane ba iyaka, shi dai yayansa ne bai yi sa'a ba. Rabo ne ya ƙare. Ya ce ga kuma bakin yara na zamani, waɗanda lakwal ta cire wa kunya.

Nan na fashe. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar zaure ba. Na ce kada ya ƙara kiran sunan sa'a a nan. Na ce ba rashin sa'a ba ne, an gaya musu hanyar da ta fi kusa da gani, suka bar ta suka bi mai ƙazamin tsinke don ya iya cika baki. Na ce shi dillali ne, ya saba sayar da dabba mai ciwo ya rantse lafiyarta ƙalau, shi ya sa maƙaryaci ɗan'uwansa ya burge shi. Na ce ya sayar da idon yayansa don kawai ya kunyata ni a kasuwa. Na nuna shi da yatsa, ƙanen ubana, a gaban dattawa, na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Wani tsoho ya kama rigata yana salati, na fizge. Baffa ya miƙe, ya ce a bar shi da ni. Har yau, duk abin da na faɗa masa ran nan, ba wanda zan janye.

Baba ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya. 

"Ya isa haka nan," in ji shi. Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun a rufe. "Ba wanda ya ja ni. Ni na ce shi kai ni. Ido ɗaya gare ni, da shi nake ciyar da ku. Ka tsaya a kaina ka ce mini yana yiwuwa shi mutu, ka sake faɗa. Kwana goma aka ce in jira da wannan magana a cikina. Ban iya ba."

Na ce, Baba, ai abin da likita ya faɗa ke nan, ban ƙara ƙarya ko ɗaya ba.

"Na sani. Ba ka yi ƙarya ba. Amma da ka bar tsohon nan ya yi aikinsa, da na kwanta an yi mini."

 Baffa ya koma ya zauna, yana goge gumi da bakin rawaninsa. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, na tsaya nan tsakiyar zaure kamar an dasa ni. Dattawa suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, don lokacin masallaci ya gabato, kowa yana neman takalminsa.

Baba ya dafa bango ya tashi. Na yi sauri na ɗauko sandar, na sa masa gindinta a hannu, na riƙe ɗaya bakin don in ja shi. Ya bi sandar da yatsunsa har ya taɓo hannuna. Ya shafa shi, ya gane nawa ne. Sai ya zare sandar a hankali, ya miƙa bakinta wajen da ya ji numfashin ƙanensa, ya ce masa su tafi kada su rasa sahu.

Baffa ya karɓa. Suka fita, shi a gaba, Baba a baya. Na naɗe buzun sallar da suka manta, na sa a hammata, na bi su daga nesa.